Daren da Gunya ta Ƙi Dusa

Shekara huɗu ke nan ubana Kiyari bai ga rana ba,
amma daga tabarmarsa a zaure
shi ya fara sani.
"Yahuza, Gunya ba ta tauna."
Na ce ƙila ta ƙoshi.
Ya ce, "Goɗiyar da ta ja amalanke har Mirriya ta komo
ba ta ƙoshi da magariba. Tashi."

Na haska ta da waya.
Tana tonon ƙasa da ƙafar gaba,
tana waiwayen cikinta kamar mai bin sa bashi,
zufa ta jiƙe mata gindin geza.

"Kwashe dusar. Kwashe geron. Bar mata ruwa.
Ɗaga leɓenta ka gaya mini launin dasashi."
Kamar cikin gwaiba, Baba.
"Danna da yatsa, ka saki."
Ya yi fari, ya komo.
"To, da sauranmu.
Kafa kunnenka a kwiɓinta."
Na kafa. Shiru.
"Cikin doki kasuwar Dole ne ran Alhamis.
In ka ji an watse tun hantsi,
akwai dalili."

Na kama ragama muka fita,
daga ƙofar gida zuwa gindin dutsen Birni,
mu juyo, mu koma, a hankali,
in ta nemi zubewa ta yi birgima
in ja ta, in kira sunanta.

Ɗanjuma maƙwabci ya zo da kwalba,
jiƙon kanwa da man gyaɗa:
"A ɗura mata ta hanci, yanzu ta warware."
Ubana ya miƙe ba sanda.
"Da hannun nan na ɗura wa Bidi,
ya sauka a huhu.
Kwana uku yana tari, na huɗu muka haƙa rami.
Mai da kwalbarka, na gode.
Yahuza, kira Falmata."

Kafin babur ɗin likitar ya iso
sai bakinsa ya buɗe, kamar mai raba gado:
"Da damina ka riƙa ɗaga kofato kullum,
ka ƙwaƙule laka da tsinke;
in ka ji wari, canja mata turke zuwa tudu.
Mikin baya, ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma,
man kaɗe a gefe saboda ƙuda,
kada komai ya hau wurin sai gashi ya tsiro,
ko da kuwa za mu kwana ba cefane.
Kaska tana ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne,
cire ta da kanta.
Harawa kuwa, sansana kafin ka zuba."

Nan na yi shiru.
Damin da na sayo da araha, jika ɗaya ba ɗari biyu,
tsakiyarsa ta yi fumfuna. Na gani.
Na kakkaɓe, na zuba.

Falmata ta sa abin saurare, ta yi allura a wuya,
ta ce a ci gaba da tafiya, kada a ba ta komai sai gobe.
Ba ta tambayi harawar ba.
Shi ma bai tambaya ba.

Ana kiran assalatu
Gunya ta tsaya, ta ɗaga wutsiya.
Tim. Tim. Tim.
Ban taɓa jin ubana ya yi wa kashin doki hamdala ba sai ranar.
Ya lalubo wuyanta, ya jingina goshi,
ya daɗe.

Sannan, ba tare da ya juyo ba:
"Sauran damin nan da ke bayan rumbu,
tun shekaranjiya nake jin warinsa.
Ni ma na yi shiru.
Ɗauko ashana."