Kuɗin Gidan Olwen

An aiko ni Clun da tef da tocila,
in yi wa gidan katako kuɗi kafin Litinin.
Kwalta ta ƙare a bakin shinge,
sauran na taka, laka har idon sawu,
tumaki na kallona kamar mai karɓar jangali.

Gidan ya karkata wajen yamma
kamar tsoho mai sauraron raɗa.
Baƙin itace, farin bango.
Shekara ɗari huɗu iska na tura shi,
bai faɗi ba, bai kuma miƙe ba.

Olwen Beddoes ta buɗe da gwiwar hannu,
ɗan rago a hammata, kwalbar madara a aljihu.
“Sunkuya,” ta ce. Na makara.
Katakon ƙofa ya gaishe ni a goshi.
“Haka ya karɓi mijina ranar farko.”

Na haska mahaɗin ginshiƙai: ba ƙusa ko ɗaya.
Turaku ne na itace, an fiƙe su da hannu,
kowane a raminsa kamar haƙori a dasashi.
Kafintan bai bar suna ba,
tsaga uku kawai ya bari inda gungume ya auri gungume.

Na soka ƙarfe a gindin ginshiƙin arewa,
ya shige kamar cikin tuwon jiya.
Na rubuta: ruɓa.
Na rubuta: danshi.
Rufi na yoyo wuri biyar,
bokiti huɗu ne, na biyar tukunyar miya.

Sandar bene tana sheƙi, na tambayi sunan fentin.
Ta yi dariya har ɗan ragon ya firgita.
“Maiƙon ulu ne. Masu sausaya
nan suke dafawa in sun dawo da magariba,
kakana, kawunnai, 'yan ƙodago daga Wales.”
Na nemi gurbin wannan a takardata.
Babu.

Sai ta kai ni gaban murhu.
A jikin babban gungumen sama
zane ne jere da zane, aikin wuƙa,
kowace shekara da layinta,
kowane zane 'yan raguna goma.
Wani layin ya kai kamu biyu,
wani ko ɗan yatsa bai kai ba.
Ta ɗora farce a kan guda:
“Shekarar da ƙanƙara ta binne tudu.
Babana ya tono abin da ya tonu,
ya shigo da su nan, ɗakin nan,
muka kwana tare har sati uku.
Zane ɗaya ya yi. Ya ce ya isa a gode.”

Ɗanta Emlyn yana Birmingham, yana tuƙa bas.
Shi ya kira ofishinmu, kuma ba laifinsa ba ne,
kuɗin ulu ba ya ɗinke rufi.
Mai saye ya zo sau biyu da takalmi mai tsabta,
yana son gungumen, in an goge shi sumul.

Ni ma ba bakin magana gare ni ba.
Gidan ubana a Funtuwa ta waya muka sayar,
ina tsaye a layin biyan kuɗin mai.
Ban tambayi wa ya ɗauki ƙyauren zaure ba.

Na zauna, na haɗa lissafi, na fitar da lamba.
Lambar daidai take. Na iya aikina.

“Riƙe mini kujerar nan,” in ji Olwen.
Ta miƙa mini ɗan ragon, ta hau,
ta zaro wuƙa mai ƙotar ƙaho,
ta nemo ƙarshen layin bara.
Bana ɗari da sittin, ta ce, har da wannan.

Hannu ɗaya na riƙe kujera,
ɗaya na rungume ɗumin ragon,
garin katako na zubowa kan takardata,
kan lambar,
ban kuma hure shi ba.