Gagara-Rabo

A Leicester, titin Evington, ruwa na tsiyaya tun la'asar.
Na wanke gatari, na kife katako, na rage wutar shago,
sai ga Balaraba da jiƙaƙƙiyar lema,
daga jami'a, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

Ta yago takardar naɗe nama,
ta ce, Baba, kai mai taƙama da iya rabo,
ga wata dabba, feɗe mana ita.
Ta jera alƙaluma talatin da tara,
ɗaya a goshi, bakwai a wutsiya,
ban taɓa ganin sa mai tsawon bayanta ba.

Na ce, wa ya haife ta?
Ta ce, ɗauki ƙwayar gero guda ka ninka,
ka ninka abin da ka ninka,
sau ɗari da ashirin da bakwai,
sannan ka tsince ƙwaya ɗaya ka jefa wa tattabara.
Abin da ya rage, ita ke nan,
rumbunan duniya ba za su ɗauke ta ba.

Ni fa jikan mahauta ne.
Ubana Tanko, in ya yi watanda a Gumel,
kashi arba'in, har hanta, har tumbi,
ba a taɓa jin mai ƙorafi ba.

Na zaro fensir daga bayan kunne.
Na kasa ta biyu, ɗaya ta yi saura.
Na kasa ta uku, ɗaya ta yi saura.
Bakwai ma haka.
Da na ce biyar, biyu suka tsaya suna kallona,
sha ɗaya ta bar mini shida a hannu,
gumi ya keto, alhali sanyi bai sauka ba.

Yarinya na dariya.
Ta ce, ko ka gayyato taurari su yi layi,
ba ta da gaɓar da wuƙa za ta shiga.
Ko dai mutum ɗaya ya kwashe ta ɗungum,
ko kowa ya tashi da ƙwaya guda,
ba ta san hanya ta uku ba.

Kuma 'yar dangi ce, in ji ta:
biyu ta haifi uku, uku ta haifi bakwai,
bakwai ta haifi ɗari da ashirin da bakwai,
ita kuma ta haifi wannan.
Duk gidansu taurin kai.
In kwamfuta za ta rubuta sunanta da nata harshen,
ɗaya, ɗaya, ɗaya, har ƙarshe,
sahu ne kafaɗa da kafaɗa,
ko sifiri bai sami wurin tsayawa ba.

Na ce, to 'yarta fa, ta gado halin?
Ta ɗaga kafaɗa: har yau ba a sani ba.

Motar ƙarfe tara ta wuce, ta watsa wa ƙofa ruwa.
Na tsaya ina lissafin kaina:
shekara ashirin ina kasa zuciya biyu,
rabi nan, rabi can,
kullum da ɗan saura da ban san inda zan sa ba.

Na maƙale takardar a saman sikeli.
Gobe mai rabin kilo zai tambaya, in ce masa:
wannan ce kaɗai a shagon nan
da wuƙata ba ta ci ba.