Turke na Goma Sha Bakwai

Daga Dutse aka aiko ni da taswira a naɗe
da turaku arba'in masu jan kai.
Aka ce in auna fadama, in yanka ta kashi-kashi:
shinkafa gabas, rake yamma,
injin casa a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa.

Tudun Gwanki ake kiran garin.
Na tambayi yara ina gwankin,
suka kwashe da dariya, wai suna ne kawai,
ko kakanninsu a bakin manya suka ji shi.

Rana ta uku na durƙusa zan kafa turke na goma sha bakwai,
sai ga sawu a cikin taɓo,
kofato a tsage, bai kai babban yatsana ba,
ga wani ƙarami yana biye.
Na ajiye guduma. Na aika a kira Barau.

Barau ya daɗe da barin harbi,
bakansa na rataye a zaure, gizo-gizo ya gaje shi.
Ya tsuguna, ya yi shiru har inuwa ta gusa,
sannan ya ce: "Barewa ce da ɗanta.
Bara biyar na ƙirga, bana tara.
Nan suke bi daga dajin Baturiya zuwa ruwa
kafin ladan ya yi gyaran murya.
Ni na ƙarar da iyayensu da kibiya, yaro,
kada ka ƙarasa sauran da alƙalami."

Da la'asar Dije ta tare ni a bakin rijiya,
guga a hannu, ba ta ko gaishe ni ba.
"Na ji wai za ka bar wa naman daji gona.
'Ya'yana uku na Fatakwal suna tura baro.
An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe;
to nawa 'ya'yan su suka gudu,
ni aka bari da rarrafen.
In injin nan ya tashi za su dawo.
Ko barewar ce za ta kai ni asibiti?"

Ban sami amsa ba. Na sha ruwan da ta miƙo.

Hakilu na kamfani ba ya faɗa, lissafi yake yi.
Kowace eka buhu kaza,
kowane buhu bakin mutum kaza.
Ya nuna mini a wayarsa, kuma bai yi ƙarya ba.

Da dare na shimfiɗa taswira a tabarmar mai gari,
tocila a baki, sauro na karɓar zakka.
Layin da aka koya mini miƙaƙƙe ne.
Na lanƙwasa shi.
Na bar zirin taku ɗari biyu daga daji har ruwa,
da ƙaya, da kanya, da tsohuwar suri,
na matsar da rake kudu, na rage wa shinkafa kafaɗa.
Aikin mutum goma sha ɗaya ya faɗa cikin zirin nan.
Na san haka lokacin da nake ja.
Wataƙila ɗaya na autan Dije ne.

Barau ya ce ya yi kaɗan.
Dije ta ce ya yi yawa.
Hakilu ya ce a Dutse akwai masu rula.

Ranar tafiya na yi sammako in duba turakuna.
Zirin da na bari fes yake, ko sawun ɓera babu.
Can waje da layi, tsakiyar filin injin casa,
ga kofato nan, babba da ƙarami,
sun bi ta inda suka ga dama.

Mota na ta yi mini ham a bakin hanya.
Na tuge turken, na tsaya riƙe da shi,
taɓo na ɗiga a kan takalmina.