Hannun Aro

Shekara arba'in da ɗaya
Baffa Giɗaɗo na riƙe da haɓar Jekadafari.
Dillalin wake, ladan, direban tifa,
kowa ya zo gindin dogon yaron nan,
ya ɗaga kai, ya miƙa wuya,
ya lumshe ido, ba shaida, ba jingina.

Bara, bayan layya,
hannun daman ya kwanta, bai sake tashi ba.
Zabira na rataye a ƙusa,
gizo-gizo ya ɗinka mata mayafi.

Ni gyaran janareta na koya.
Yatsuna sun san sifana, sun san baƙin mai,
ba su san fata ba.

Yau Juma'a ya kira ni da ido.
Furfura ta mamaye kunci, carko-carko,
kamar gonar gero bayan an yi girbi.
Na ce bari in kira yaron bakin titi, mai inji.
Ya juya fuska ga bango.
Sai na sauko da zabira.

"Ruwa tukuna," in ji shi, harshe na jan ƙafa.
"Ba mai ƙuna ba,
wanda za ka iya wanke jinjiri da shi."
Na jiƙa tsumma, na lulluɓe masa fuska.
Daga ƙarƙashi murya ta fito:
"Gashi dattijo ne mai taurin kai,
sai an lallashe shi kafin a ce ya tashi."

Sabulun salo ya yi kumfa a tafina.
Na maƙala fatar washi a babban yatsan ƙafa,
na ja, na mayar,
gadon aska a gaba, kaifi na biye.
Yana ƙirgawa da kunne.
"Ya isa."
Na gwada a damtsena,
gashin ya zube bai san ya mutu ba.

"Ja fatar da yatsa biyu.
Kwantar da askar, kai ba mahauci ba ne.
Kar ka danna, nauyinta ya ishe ta.
Bi gashi inda ya nufa,
yadda ake kora shanu gida da yamma."

Na bi.
Wata 'yar ƙara ta tashi,
kamar ana kankare ƙanzo a gidan maƙwabta.
Kunci ya fito daga kumfa,
kuncin da na manta,
har da tabon da keke ya bar masa a hanyar Kwami.

Da na iso zakaran wuya sai numfashina ya tsaya.
Jijiya na bugawa ƙarƙashin yatsana,
ƙarama, mai ɗumi, kamar ɗan tsako a hannu.
Wannan askar ce ta fara taɓa kaina ran suna,
ina tsala ihu, yana dariya.
Yanzu shi ya haɗiye yawu, ya riƙe,
ya ba ni hanya in wuce.

A ƙasan kunne na yi ɓarna.
Ɗigo ɗaya, ja, ya gangaro cikin fari.
Ya zabura,
sannan rabin bakinsa mai rai ya murmusa:
"Ashe da gaske ne,
wanzami ba ya son jarfa."

Na goga alif, na watsa ruwan randa.
Ya ɗago hagu, ya shafa da bayan yatsu,
a hankali, daga ƙasa zuwa sama,
kamar makaho na karanta fuskar ɗansa.
Ƙarƙashin leɓe ya tsaya.
"Ka bar kunya guda ba noma."
Na koma.

Da na naɗe zabira
ya laluba ƙarƙashin matashi,
ya zaro naira ɗari, ta tsufa, ta yi laushi.
Na ce haba, Baffa.
"Karɓi. Aska ba ta aikin banza, fushi take."

Ana kiran sallar farko na fito.
Takardar na aljihun gabana.
Na shinshina hannuna:
sabulu ne a sama,
fetur na can ƙasa, yana jiran Asabar.