Mai Rubuta Allo

Ni nake rubuta allunan nan.
Shagona na bayan Ƙofar Mazugal, jikin mai walda:
koren fenti, farin fenti, buroshi uku,
ɗaya ya soma zubar da gashi kamar ni.

"Aikin Mazaɓa. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana."
Sunan Onarabul da manyan baƙaƙe,
sunan unguwa da ƙanana,
in wuri ya rage.

Akwai rijiyar da na rubuta sau uku.
Shekarar farko an haƙa rami, an yanka ƙyalle, an tafa.
Ta biyu aka ce gyara ne.
Ta uku ko yashi ba a zubo ba,
lamba ɗaya kawai na shafe na ɗora wata.
Ruwan kuwa har yau a kurar ɗan garuwa yake zuwa,
kullum jarka na ƙara tsada.

Bayan isha'i, a bencin Tasi'u mai shayi,
Hambali tela ya buga kofi a tebur:
"Ku bar su su cusa!
Kasafin nan tuwon gidan biki ne,
mai jin kunya da yunwa yake kwana.
Wa ya san lungunmu a Abuja?
Wane minista ya taɓa tsallaka kwatarmu?
Ba don namu ya soka sunan layin nan
a shafi na dubu da wani abu ba,
da taransifoma sai dai mu gani a hoto.
Keken da nake ci da shi ma, daga can ya fito."

Malam Mamuda, tsohon akawun kotu,
ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Keken naka nawa aka rubuta shi a takarda?
Kuɗin goma. Ka karɓi ɗaya, ka yi godiyar goma.
Mun tura shi ya yi doka, ya sa ido,
ya dawo mana ɗan kwangila.
In mai gadi ya shiga rabon kaya, wa ke bakin ƙofa?
Ka duba fitilar layinku da kyau:
hukumar kifin teku ce ta kafa ta,
mu da iyakarmu kududdufi."

"Da babu gara ba daɗi," in ji Hambali.
"Da muguwar rawa gara ƙin tashi," in ji Malam.
Tasi'u ya ƙara ruwa a buta.
Sai duk suka juyo kaina:
"Kai Sabi'u, da hannunka ake rubutawa, me ka ce?"

Na hura shayin da ya riga ya huce.
Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.
Kuɗin jarrabawar Rumasa'u daga allunan nan ya fito.
Kuma ɗan asibitin nan na bakin titi,
inda uwarta ta sauka cikin dare ana tsuga ruwa,
jini ya ɓalle, nas ta tsayar,
shi ma aikin mazaɓa ne.
Allonsa ni na rubuta, kuma bai yi ƙarya ba.
To da wane bakin zan yi magana?

Jiya aka aiko da sabo:
"Ginin ajujuwa biyu da ofis. An kammala."
Na ɗora shi a Adaidaita, na je kafawa.
Fili na tarar, da tumfafiya,
da akuya tana cin kwali.

Ina cikin dama siminti
wata yarinya ta tsaya, buhun omo ne jakar littafinta.
Ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, a hankali,
har ta kai "an kammala".
Ta dubi filin. Ta dube ni.
"Baba, a wannan allon za a koya mana?"

Na ce ta matsa, fentin bai bushe ba.

Wata biyu ya yi yawa,
'yan jari-bola za su tumɓuke shi da dare,
su kai a auna a kilo.
Aƙalla shi ƙarfe
ba a rubuta masa nauyin da bai kai ba.