Dutse Daidai Gwiwa

A bencin shagon Tanimu tela, bayan la'asar,
mu shida muka baje shawara.
Likita ne ya tsokano zancen,
ya ce wa Barau ya riƙa taka ƙasa, jininsa ya hau.
Barau kuwa bai iya abu kaɗan ba:
"In jini ya hau, ni ma hawa zan yi."

Marka ta ɗauke ƙafa,
an yanke gero, dawa na ɗauke da ciki,
hayaƙin masara gasasshiya ya tare bakin Tudun Wada.
Rana ta rage faɗa da safe.
Kowa ya yarda lokacin ne,
dutsen ne dai ba a yarda ba.

Dalhatu, ɗalibin Samaru, ya zaro waya,
ya nuna mana wani ƙato can wajen Jos
da gajimare ya naɗa wa rawani.
Lantana, mai jinya a Shika, ta dube mu ɗaya ɗaya:
"Wa ya taɓa hawa bene uku a cikinku
bai tsaya ya yi kamar yana amsa waya ba?"
Shiru. Keken ɗinki ma ya tsaya.

Na ce ga Madarkaci nan a gida,
mu hau, mu sauko, koko bai huce ba.
Barau ya ce wannan na awaki ne da yara.

Sai tsoho Sambo, da ya yi kiwo a Wusasa yana yaro,
ya gyara goro a kunci.
"Ido ba ya zaɓen dutse, ido ba ya haki.
Ku tambayi gwiwar da ta fi tsufa a cikinku.
Kufena ya ishe ku.
Amma ku bari a kwana uku ba ruwa,
gansakuka a kan falale ta fi miyar kuɓewa santsi.
Ku fita da asuba, kowa da sanda,
ciyawa ta yi tsawo, kuma akwai masu gida a ciki."

Asabar muka tafi.
Raɓa ta jiƙa mu har cinya,
ƙarangiya ta kama wandon Dalhatu kamar mai bin bashi.
Daga ƙasa dutsen bai kai hoton waya ba.
Daga tsakiya ya fi shi.
Barau ya zauna a inuwar wani fasasshen dutse,
ya ce ba gajiya ba ce, kallo yake yi.
Lantana ta riƙe masa wuyan hannu, tana duban agogo,
ta ba shi ruwa da dafaffiyar gyaɗa.
Muka jira. Ni na fi kowa godiya,
ban faɗa ba.

Da rarrafe muka ƙarasa.
Ga Zariya kwance, ta yi ƙanƙanta:
hasumiyoyi kamar allurai a kan matashi,
gonaki kore na juyawa ruwan ɗorawa,
wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi yana ta kewaya,
shi ma ɗan koyo, shi ma a hankali.
Na nemi rufin gidanmu ban gani ba,
shekara talatin ina biyan bashinsa.

Saukowa ce Sambo bai faɗa mana ba.
Da mazaunai muka yi rabinta,
cinyoyi na rawa kamar na ɗan maraƙi.

A gindi Tanimu ya waiwaya,
ya kanne ido ɗaya yadda yake wa yadi,
ya auna dutsen tun daga kafaɗa har ƙasa.
"Ya ɗan matse a hammata," in ji shi,
"amma namu ne. Ba sai an rage ba."