Kofi Ɗaya a Bakin Taga

A tudun Atakama, inda iska ba ta cika huhu,
nake dafa wa masu gadin sama shayi.
Nikasiya Sandon sunana. Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina wanke kofunan mutanen da ba sa barci.

Can sama da mu, a kan fako,
fararen faranta sun buɗe baki,
duk sun karkata gefe guda
kamar garken da ya ji motsi.
Kunnuwa ne, in ji su. Kunnuwan ƙarfe.

Da asuba Don Eleuterio yakan sauko,
leɓe a tsage, ido ja wur.
Nakan ce, "To, sun yi magana?"
Yakan yi dariya, ya ƙara sukari:
"Mu hayaƙin da ke haifar taurari muke aunawa."
Amma ran da gajiya ta kwance masa harshe
ya ce shi ma, a ɓoye, yana kasa kunne.

Ya ɗauki ƙwayar gishiri ya aza a kan tebur.
"Ga mu nan," ya ce.
"Maƙwabci kuwa, in akwai shi,
yana bayan dutsen Likankabur,
bayan teku, bayan inda ƙafa ba ta taɓa zuwa ba.
In muka yi sallama yau,
kafin a amsa
jikokin jikokinki sun zama ƙasa."

Na yi shiru, ina goge cokali.
Na san irin wannan sallamar.
Kakata tana da harshe, Kunza,
ya ƙare mata a baki kamar ruwan kwari.
Kalmomi kaɗan suka rage mana,
muna rera su ran da muke yashe magudanar ruwa,
ba mu san rabin abin da muke cewa ba.
To in amsar ta iso,
da wane baki za a karɓe ta?
Wa zai tuna abin da aka tambaya?

Kuma ban gaya masa ba:
mu an taɓa yi mana baƙi daga nesa.
Sun zo sanye da ƙarfe,
bisa dabbobin da ba mu da sunansu.
Masu wayo ne ƙwarai.
Wayon bai hana su ƙishirwar abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba.
Wanda ya iya ƙetare wannan duhun duka
me zai gani in ya dube ni?
Mace, ko ƙwayar gishiri?

Mahaifina makiyayi ne, bai san boko ba.
Shi ba taurarin yake kallo ba,
baƙin da ke tsakaninsu yake karantawa.
Yakan nuna mini lama a kogin sama,
doguwar wuya, ɗanta na tsotso,
ya ce tsakar dare takan sauko ta sha ruwa
lokacin da babu mai gani.
Bai taɓa cewa sama kango ba ce.
Bai kuma taɓa jiran ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Wataƙila can ma akwai wata
mai tashi kafin kowa ta hura wuta,
a ƙarƙashin rana ja, ko rana biyu,
tana wanke kwanukan masu sauraro,
tana tambaya, "To, sun yi magana?"
ana ce mata tukuna.
Ita ba za ta zo ba. Masu wanke-wanke ba sa tafiya.
Ni ma ba zan je ba.

Duk da haka, in na gama shara,
nakan zuba shayi a kofin da ya rasa hannu
in ajiye a bakin taga.
Da safe ya daskare.
In fasa ƙanƙarar, in wanke,
in ɗora ruwa.